Turbar da Tabawa Ta Taka

Tun zamanin da aljanu ke cin kasuwarsu da tsakar rana, mutane na ratsa ta ba su sani ba, aka yi wata tsohuwa a garin Kwarin Gamji, sunanta Tabawa. Mace ce mai buɗaɗɗen hannu, ba ka shiga gidanta ka fito da yunwa. Amma bakinta, ko askar wanzami albarka. Miya ta yi gishiri, tir. Akuya ta shiga dawa, tir. Ko hadari ne ya haɗu ya watse bai zubar ba, sai ta ɗaga kai ta ce masa tir, ta ci gaba da tankaɗenta.

Cikin 'ya'ya shida da ta haifa, auta kaɗai Allah ya bar mata, Arzika, magini, wanda in ya ɗora katanga sai damina goma ta wuce ba ta nemi yaɓe ba. Gida ɗaya suke zaune, ita da shi da matarsa Hansatu. A tsakar gidan kuwa akwai wata giginya da marigayi mijin Tabawa ya shuka shekarar da aka kawo ta amarya.

Wata bazara Tabawa ta tafi suna garin ƙanwarta, ta yi kwana tara. Ɗakinta kuwa damina biyu ke nan yana yoyo, tana jan tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan. Arzika ya ce bari ya faranta mata. Ya sare giginyar, ya tsaga azara, ya yi wa ɗakin rufi sabo fil.

Ta dawo, ƙunshin kaya a kai, idonta ya faɗa kan kututture. Ko ɗaga kai ba ta yi ta dubi rufin ba.

"Wa ya sare ta?"

"Ni ne, Inna. Ɗakinki na ga yana..."

"Abin da ubanka ya tsayar shi ka kayar? To, kai ma duk abin da ka tsayar kada ya tsaya!"

A gaban maƙwabta ta faɗa, masu zuwa yi mata sannu da hanya. Arzika ya sunkuyar da kai ya fita.

Kafin la'asar ta huce. Ta shiga ɗakin, ta ga azara a jere kamar haƙoran mataji, ta ce a ranta, yaron nan ya sha wahala, bari ya dawo daga masallaci in janye maganata. Ta sunkuya za ta ɗauki buta, sai ƙasa ta juya da ita. Ba ta farfaɗo ba sai bayan kwana uku. Hannun dama ya yi nauyi, ƙafa sai ja, magana kuwa ta ƙaurace wa bakinta kaf. Tana jin kowa, tana gane kowa, abin da take son faɗa yana nan a ranta sarai. Amma in ta buɗe baki, kalma ɗaya ce ke fitowa: tir.

Da ruwan farko katangar da Arzika ya gina wa mai unguwa ta zube. Bayanta wani rumbu ya tsage. Ko bakin uwa ne, ko hannunsa ne da ya soma rawa tun daga ranar, Allah masani. Mutane dai suka daina kiransa aiki. Kullum da safe sai ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ita kuma ta tattaro duk zuciyarta, ta buɗe baki, sai ta ji "Tir!" Ta gyaɗa kai, ta dafa kansa, ta yi hawaye, liman ma ya zo ya ce ai wannan ya wadatar. Amma Arzika ɗan garinsu ne, abin da aka raine shi a kai shi ya riƙe: bakin da ya ɗaure, shi ke kwancewa.

Ranar da aka soma noman farko ta ji shi ta bayan danga yana ce wa Hansatu, "Da an shigo da hatsi zan shiga duniya. Ba zan zauna uwata na tsine mini kowace safiya ba."

"Ni fa?"

"Ki riƙe mini ita. Kada a neme ni."

Tabawa ta san ɗanta. In ya fita, ya fita ke nan.

Da tsakar ranar nan, kowa na gona, ta ja jiki zuwa kututturen giginyar, ta zauna ta yi ta dukansa da hannunta mai lafiya. A duka na bakwai kututturen ya buɗe kamar murfin tukunya, sai ga matakala ta yi ƙasa. Ba ta tsaya tunani ba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta sauka.

Kasuwa ta tarar, iyakar ganinta, kuma haja ɗaya ake sayarwa a cikinta: harsuna. An shanya su a igiyoyi kamar kilishi, kowanne na ta zuba, ba mai sauraron wani. Wani aljani dogo kamar gora, ya yafa kunnuwansa a kafaɗa kamar mayafi, ya taso ya tare ta.

"Maraba da 'yar Adam wadda aka kulle wa ƙofa tana ciki. Ni ne Dillalin Harsuna. Faɗi buƙatarki."

"Ranka ya daɗe, harshe nake nema." Ta dafe baki, don a ƙasar nan magana ta fito mata sumul.

"Kin zo gidansa. Ga na alƙali, ba ya tuntuɓe. Ga na mai tallan fura, ba ya gajiya. Ga na zabiya, wanda ke sa maƙiyi kuka. Ki bar mana naki da ya mutu, ki ɗauki wanda ranki ya so."

Ta nuna na zabiya. Ya ɗora mata a kan nata don gwaji. Sai ta lura da wata baƙar igiya ɗaure a wuyan hannunta, da ƙulli kamar kan maciji.

"Wannan fa?"

"Maganarki ce, wadda kika ɗaure ɗanki da ita. A ƙasarmu magana ganinta ake yi."

Tabawa ta buɗe baki, harshen zabiya ya rera "na yafe maka" da wata murya da ta sa kasuwar duka ta yi shiru. Ta dubi ƙullin. Ko motsi bai yi ba. Ta sake, ta kuma sakewa. Yana nan daram.

"Ya kai Dillali, in tambaye ka tsakaninka da wanda ya halicce ka. Harshen aro yana kwance wannan?"

Aljanin ya ja kunnensa ya rufe fuska. "Mu ba ma ƙarya in an tambaye mu, sai dai ba ma faɗa in ba a tambaya ba. Ba ya kwancewa. Ƙulli muryar mai shi kaɗai ya sani."

Ta cire harshen ta miƙa masa. Da ƙyar ta sake shi, don ta ɗanɗana daɗinsa.

"To, ki yi gabas," in ji shi, "har ki ga birninki. Kada ki sha ruwan hanya, kada ki amsa wa tsuntsu."

Ta kama hanya. Rana a ƙasar nan ba ta gusawa, tana nan tsaye a tsakar ka. Ta yi tafiya har maƙogwaronta ya bushe, sai ta iso wani rafi mai sanyi, mutane zaune jingim a bakinsa, saiwoyi sun fito musu a ƙafa sun shige ƙasa. Kowanne na murmushi. Wata ta miƙo mata ƙwarya ta ce, "Sha, 'yar'uwa, ki huta. Rafin Gobe ke nan. Mu ma gobe za mu tashi." Tabawa ta kai ƙwaryar har leɓe, ta dubi saiwoyin matar da suka yi kaurin taɓarya, ta ajiye ta haye.

Gaba kuma sai wani tudu, tsuntsaye farare fat kamar furfura suka sauko mata a kafaɗa. "Kin tsufa," in ji ɗaya. "Icen da ya bushe ba ya lanƙwasuwa," in ji ɗaya. Tabawa da ba ta saba barin magana ta faɗi ƙasa ba ta ce, "Uwarku ce ta tsufa!" Nan take tsuntsun ya yi nauyin dutsen niƙa, ta durƙushe. Da rarrafe ta gama hawan tudun, leɓe a cije, suna faɗa tana haɗiyewa, har suka gaji suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Daga kan tudun ta hango birni, lungu cikin lungu, kwana cikin kwana, mutane na kai da kawowa. Amma tsakaninta da shi akwai wani kwazazzabo da ba a ganin ƙasansa, da ragowar wata gada da ruwa ya karya. A wannan gefen kuwa ga wani ƙaton mutum mai tumbi, cikin babbar riga, ya baje a tabarma yana cin nama.

"Uwar ɗakina!" ya ce, ya miƙe da fara'a. "Ba ki gane ni ba? Ni ne Tir. Ranar da kika faɗi, ambaliya ta cinye gadar ina wannan gefen. Kullum ma a nan nake, don kin fi kirana sau hamsin a wuni, na ga wahalar zirga-zirga ta yi yawa na tare a ƙofarki. Kowa kika aika a kira, ni ke amsawa, don kada ki ji kunya."

"Kai ka kashe mini gida," in ji Tabawa.

"Ni? Ke kika kiwata ni."

Sai wata murya daga ƙasa ta ce, "Gaskiya ya faɗa." Tabawa ta duba, ta ga wata aljana tsohuwa, tsawonta bai fi turmi ba, tafin ƙafarta kuwa faɗin faifai, duk kaushi.

"Ni ce Magajiyar Turba. Ya ke 'yar Adam, birnin can da kike gani kanki ne. Mutanen cikinsa kalmominki ne, tun daga wadda kika fara kiran uwarki da ita. Ba wadda ta mutu. Hanya ce ta yanke."

"Ranki ya daɗe, a gyara mini gadar. Duk abin da kika yanka zan biya."

"Wannan gada ta tafi ke nan. Sai dai zagaye." Ta nuna wani daji da ya bi ta kan kwazazzabon, sarƙaƙiya da ƙarangiya sun haɗe ko kusu ba zai ratsa ba.

"To ki taka mini, ke da ƙafarki ta saba."

"Ko sau dubu na bi, ciyawar nan ba ta kwanta mini. Ƙafar mai birni kaɗai take jin nauyinta."

Tabawa ta yi ajiyar zuciya, ta ɗaure zane, ta shiga. Ƙaya ta yage mata zane, ta yage mata fata. Sau uku tana ɓata ta dawo inda ta fito. Da ta ɓulla ƙofar birnin, ƙafafunta jini suke.

Kalmomi suka yanyame ta, Ruwa da Tuwo da Sannu da Gishiri, har da sunayen matattunta, kowa na cewa a tafi da shi. Ta ce, "Yafe nake nema." Suka dubi juna. Da ƙyar wani ya tuna, ya ce, "Ko tsohuwar nan ta bayan gari, kusa da juji?"

Ta same ta a wata bukka da yanar gizo ta rufe ƙofarta, ramammiya, ƙafafu sun shanye don rashin tafiya.

"Yau kuma?" in ji Yafe. "Rabon da ki aiko a kira ni tun shekarar da maƙwabciyarki ta fasa miki tulu, shi ma sai da aka sa baki. Ni kam ba na iya takawa. In kina so na, goya ni."

Ta goya ta. A ido kamar kara, a baya kuwa kamar buhun gero. Da ta koma bakin dajin, sai ta tarar inda ta ratsa ya haɗe kamar ba a taɓa bi ba. Ta kutsa haka nan. Ba ta ci sulusin hanya ba gwiwarta ta sage, ta sauke goyon don ta numfasa, sai ta waiwaya ba kowa. Kalmar da aka ajiye a hanya gida take komawa.

Da jan ciki ta fito. Ta kwanta a gaban Magajiya ta ce, "Na gaji. Wallahi na gaji."

"Ai za ki gaji. Wa ya ce ki fara da mai nauyi? Fara da masu tafiya da ƙafarsu, ki riƙo hannunsu. Kuma ki sani, turbar nan baki biyu gare ta. Duk wadda kika kawo nan, ki hau sama ki furta ta a gaban ɗan Adam, ko a karkace ta fito, ko za a yi miki dariya. In kika ji kunya kika haɗiye, ta koma. Sannan ki riƙa barci. In kin kwanta tururuwana na fitowa su daddaɓe inda kika taka a ranar. Inda ba ki taka ba kuwa, ba ruwansu da shi."

Haka Tabawa ta shiga bauta. Kullum rana ta take, gida ya watse, sai ta daki kututture ta sauka. Kwana shida tana jan Ruwa ta cikin ƙaya yana kuɓuce mata. Ran na bakwai ta fito da shi. Ta hau sama, jiƙe da gumi, ta tarar da Hansatu ta dawo tana hura wuta. Ta buɗe baki.

"Wu... wuwa."

Hansatu ta saki muciya. "Inna! Ruwa? Ruwa kika ce?" Ta kawo moɗa da gudu, rabi ya zube a hanya.

Daga ranar yarinyar nan, da a da ko ido ba ta iya haɗawa da surukarta, ta ajiye kunya a gefe. In Tabawa ta nuna tuwo da yatsa, sai ta kau da kai.

"Ni fa ba na jin nuni, Inna. Da baki ake kiran tuwo a gidan nan."

"Tir!"

"Wannan na san shi, mun saba. Kawo wani."

"Tu... tu..."

"Saura kaɗan. Miyar ma kuka ce, tana hucewa."

Wata rana kalmar ta fito, wata rana ta maƙale har tuwon ya huce, Hansatu ta ba ta haka nan, su biyun duk sun yi laushi. Wadda ta zo jiya sai yau a neme ta a rasa. Maƙwabta na jin tsohuwa tana "tu, tu" kamar yaro mai koyon magana, wasu su yi dariya a bayan danga, wasu su ce kai, a bar baiwar Allah ta huta mana.

Arzika kuwa ya daina durƙusawa a ƙofarta, gona yake wuni. Da Hansatu ta ce masa, "Albishirinka, Inna ta ce ruwa, ta ce tuwo, ta ce sannu," sai ya yi wani murmushi mai ciwo.

"Ruwa ya samu, tuwo ya samu. Ni kaɗai ne tir. Kin ga ashe da gangan ne."

Tabawa na jin sa daga ɗaki. Washegari ta sauka, amma ba ta shiga dajin ba. Ta zauna a gefen tabarmar Tir, ya matsa mata, har da miƙo mata tsoka. Kwana arba'in ke nan tana takawa, gero ya fitar da kai, dajin kuwa a idonta yana nan yadda yake.

"Ba na komawa," ta ce wa Magajiya. "Kaina ya tsufa. Da ina da ƙuruciya ne."

Magajiya ta matso. Ta kama ta da hannu ɗaya ta ɗora a kan wani shuri mai tsawon rimi. "Duba ƙasa."

Ta duba. A cikin baƙin dajin nan sai ga wani siririn layi, kamar tsagar kitso, ya tashi daga ƙofar birni har bakin kwazazzabo. Kurakuran da ta yi ma ga su nan, 'yan guntayen rassa da suka mutu a hanya, layin ya bar su ya miƙe. Abin da ya fi ba ta mamaki, a gefen birnin da ke kallon turbar an yi sababbin bukkoki, har sun fito wajen ganuwa.

"Waɗancan fa? Da babu su."

"Birni turba yake bi. Inda ake takawa nan ake tarewa, ko birnin jariri ne ko na mai furfura. Na tsoho dai ya fi jan jiki. Mai tafiya ba ya ganin turba, ƙaya kawai yake gani, shi ya sa na hau da ke."

Tabawa ta daɗe tana kallo. Ba wani daɗi ta ji ba, gajiyar na nan a ƙashinta. Ta dai sauko ta ɗaure zane.

Ta koma wa Yafe. Ran farko ta kai ta rabin hanya. Bayan kwana goma ta wuce rabi. Ta yi ta goyo tana saukewa, har wata rana Yafe ta ce, "Sauke ni in gwada," ta taka taku uku ta faɗi. Aka shiga girbi, taku uku ya zama talatin. Da Hansatu ta fasa mata akushin da ta gada wurin uwarta, ta tsaya tsuru-tsuru, Tabawa ta yi ta kokawa har ta ce, "Ya... ya..." Saura ya maƙale. Hansatu ta share ido ta ce, "Na karɓi rabin, Inna, ki ajiye masa cikon."

Ba a kai ga cikon ba aka shigo da damin ƙarshe. Da sassafe Arzika ya ɗaure ƙunshinsa, ya zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna, idonsa a ƙasa.

"Inna, zan tafi. Don Allah kada ki ce komai. Bar ni in tafi da shirunki."

Tabawa ta dubi kututture. Rana ko tsawon taɓarya ba ta yi ba, ba zai buɗe ba sai ta take. Ba Magajiya, ba goyo. Ta ji Tir ya taso ya tsaya a bayan haƙoranta, yana gyara riga. Ta datse baki har muƙamuƙi ya yi zafi. Ta rufe ido ta yi kira a cikin kanta, can nesa, bayan gari.

Shiru. Arzika ya miƙe ya saɓa ƙunshi, ya nufi zaure. Sai ya tarar da Hansatu ta gicciya taɓarya a ƙofa.

"Ba ni hanya."

"Tsaya tukuna. Tana tafe."

"Wa?"

"Maganar. Daga nesa take zuwa, kuma gurguwa ce. Ni da na jira tuwo ya huce sau ɗari, kai ba za ka jira wannan ba?"

Ya tsaya, bai juyo ba. Kaji na ta tono. Gumi ya keto wa Tabawa tun daga goshi har haɓa. Tana jin takun, ɗaya, ɗaya, a tsaya, a sake ɗagawa. Ya zo inda ta saba sauke goyo, ya yi tangaɗi, ya wuce.

"Na..."

Ƙunshin ya zame daga kafaɗar Arzika.

"Na... ya... fe."

A karkace ta fito, da yawu a gefen baki, murya kamar ta tsohuwar ƙofa. Amma muryarta ce, ba ta aro ba. Arzika ya juyo.

"Wa, Inna? Wa kika yafe wa?"

"Ji mutum!" in ji Hansatu, tana kuka tana dariya. "Ni na sare giginyar?"

Tabawa ta ɗaga hannun nan mai nauyi, wanda wata biyar bai wuce cinyarta ba, ya ɗan tashi ya nuna shi. "Ma... ka."

Ya zube a gabanta ya kifa kai a ƙafafunta, ƙato da shi, yana kuka kamar ranar da aka yaye shi. Ya ce ta sake faɗa, ta sake. Ta biyun ba ta kai ta farko wuya ba. Da ya nemi ta uku, ya ɗago ya ga barci ya kwashe ta a zaune, kanta jingine da bango.

Bayan kwana biyu ya kwaɓa ƙasa. Ba katangar kowa ya fara da ita ba, ɗan garken awaki ya tayar a bayan gida, iyakar gwiwa, don hannunsa bai daina rawa ba tukuna. Yana ɗora tubali yana rushewa yana sakewa, ita kuma tana zaune a inuwa tana fama da wata kalmar. Albarka take son sa masa. Waccan kuwa an ce sai da damina ta zagayo ta iso, don ita ma gidanta da nisa.

Nan labarin ya sauke kayansa. Kan ɓera na ƙurunƙus na bar wa mai sauran ƙarfi ya ɗauka, ni kam na gaji.